Geronmu Da Su Malam Na Bakin Ƙorama

Bana ruwa ya yi mana irin wasan nan da ba na so. Ya sauko da wuri, kowa ya ɗauki sungumi ya fita, da shuka ta kai tsawon ɗan yatsa sai sama ta bushe ƙayau. Asabar ɗin da ta wuce na rataya kyamarata na hau babur daga Rano na nufi wajen Kibiya, kamar yadda na saba duk damina, wai zan ɗauko hoton malam-buɗe-littafi. Ban iya tsayawa ko'ina ba. Duk gonar da na wuce ganyen gero ya nannaɗe, kuma tun daga nan hankalina ya tashi, don na taɓa ganin daminar da ta fara haka, kuma na san abin da ya biyo bayanta.

Shekara ashirin da wani abu ke nan. Lokacin ina sabon malami a wata firamare a Rano, ba mata, ba babur, sai wani tsohon keke da ake jin kukansa kafin a gan ni, da kyamara mai fim wadda wani abokin karatuna ya bar mini da zai koma kudu. Gidanmu yana wani ɗan ƙauye kusa da Unguwar Gai. Baba bai daɗe da rasuwa ba, gandu ya koma hannun wana, Yaya Sale, ga matarsa da yara, ga mahaifiyarmu, Inna. Duk Juma'a in aka tashi daga makaranta sai in taka keke in tafi gida. Da safe in kama fartanya tare da su, in rana ta take kowa ya nemi inuwa, ni kuma sai in sulale in gangara ƙorama.

Ƙoramar tana bayan gonarmu ne, tsakaninsu wata doguwar ciyawa da ba mai noma ta, da wata tsohuwar ɗinya. Ko da rani yashin wurin ba ya rasa danshi, shi ya sa malam-buɗe-littafi suke taruwa. Ni su malam nake ce musu. Akwai ƙananan rawaya masu zama tsibi guda a kan jiƙaƙƙen yashi, in ka matsa su tashi su lulluɓe ka. Akwai farare, akwai masu ruwan goro da baƙin gefe, sannan akwai wani babba baƙi mai ɗige-ɗigen rawaya wanda ya raina ni ƙwarai, in na gyara kyamara sai ya tashi, in na ajiye ta sai ya dawo ya sauka dab da hancina. Ban da su akwai hawainiya a reshen ɗinya, akwai damo mai shan hantsi a kan dutse, da kurege, da fakara mai fashewa da gudu ta tsinka maka zuciya. Fim ba ya samuwa sai a Kano, can kuma ake wanke shi, saboda haka kallo ya fi ɗauka yawa. Sai in kwanta rub da ciki in yi ta jira, wani lokaci har cinnaka ya tuna mini cewa ba ni kaɗai ba ne a wurin. Yanzu kuwa 'ya'yana sukan ɗauki hoto barkatai da waya su goge wanda bai yi musu ba.

Yaya Sale bai taɓa gane wannan sha'awa tawa ba. Yakan ce, "Mutane na ɗaukar amare da angwaye, kai ka ƙare a ƙwaro. Shi ƙwaron zai rataya hoton a ɗakinsa ne?"

Inna kuwa takan ce, "Ƙyale shi, Sale. Wanda ya tafi wajen ƙwaro ai ka san inda za ka same shi."

A shekarar da nake ba ku labari, shukar farko ta fito da kyau, sannan ruwa ya ɗauke. Kullum da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, iska ta taso da ƙanshin ƙasa, mata su fara kwashe shanya, sai kuma ya watse kamar bai taɓa haɗuwa ba. Zafi ya dawo irin na bazara, mai sa mutum ya tashi daga tabarma ya bar zanen bayansa a kai. Muna kallo shuka ta yi yaushi, ta yi fari, ta kwanta. Aka fita roƙon ruwa, aka yi sadaka da ɗan abin da ya samu. Rumbunmu kuwa dama bara bai cika ba, yanzu in Yaya Sale ya shiga ɗebo hatsi ba ka ganin ko kansa, sai dai ka ji ƙarar ƙwarya tana kankarar ƙasa. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da safe kunu tsararo, da rana kwaɗon tafasa ko na zogale da ɗan ƙuli-ƙuli, a kora da ruwan randa. Ɗan abin da nake kawowa daga Rano ba ya kai su ko'ina. Na lura Inna ta fara cewa ita ta riga ta ci, kuma na san ba ta ci ba.

Da ruwa ya tashi dawowa sai ya dawo da ƙarfinsa, ya yi ta zuba har ya zubar da katangar maƙwabta. Washegari Inna ta sa aka ɗauko mata turmi ta taka, ta miƙa hannu cikin rufin madafa ta ciro wani ɗaurin zangarniyar gero da hayaƙi ya mayar baƙi. Haka take ajiye iri tun zamanin Baba, inda ƙwaro ba ya kai wa. Ta miƙa wa Yaya Sale ta ce, "Wannan shi ne na ƙarshe. Bayansa babu wani, ko a wajena ko a wajen maƙwabta."

Ranar kowa ya fita, har Inna. Yaya Sale na gaba yana sara da sungumi, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ban taɓa ganin an yi shuka shiru haka ba. In ƙwaya ɗaya ta faɗi gefe sai an sunkuya an ɗauke ta. Gero ya fito, ruwa ya ci gaba da zuwa, muka yi noman farko. Amma ni hankalina bai kwanta ba. Ko ina cikin aji ina rubutu a allo, in gajimare ya gifta sai na leƙa taga, har yara suka gane suna tayar ni da "Malam, hadari."

Geron ya kusa kaiwa gwiwa lokacin da abin ya zo. Wata Asabar ce, ina kwance a cikin ciyawar bakin ƙorama ina fakon babban baƙin nan, wanda ya sauka a kan wata fure yana buɗe fiffike yana rufewa. Sai na ji wata 'yar ƙara kamar yayyafi a kan bunu, alhali sama tas take. Na sauke kyamara na dubi ciyawar da ke gaban fuskata. Motsi take yi. Kowane ganye ɗauke yake da tsutsa, baƙaƙe masu zane a gefe, suna ci suna tafiya, kuma duk fuskarsu ɗaya, wajen gonarmu. Na miƙe na ga har a rigata sun hau.

A hayin ƙoramar na hango Buba, wani makiyayi da rugarsu take kusa da mu tun muna yara, ya dogara da sanda yana kallona. Ya ce, "Modibbo, kai ma ka gani? Tun jiya shanuna suka ƙi sa baki a nan. Can sama ta cinye ciyawa ƙarƙaf, sai ƙasa."

Ban tsaya amsa masa ba, na ruga gona. Yaya Sale yana gindin ɗorawa ya rufe fuska da hula. Na ce masa tsutsa na zuwa. Bai ko ɗaga hular ba ya ce, "To ka ɗauke ta hoto mana." Sai da na karkaɗe masa rigata a kan ƙafa ya ga abin da ya zubo, sannan ya tashi zaune. Muka gangara tare. Ya daɗe tsaye yana kallon ciyawar. Abin da ya ce kawai shi ne, "Inna ba ta da wani irin."

Kafin la'asar an yi gayya, don ba gonarmu kaɗai ke bakin ƙoramar ba. Maza suka jeru da garma da fartanya aka ja dogon rami tsakanin ciyawa da gonaki, mai miƙaƙƙen gefe yadda in ta faɗa ba za ta iya hawa ba. Mata suka kwaso tokar murhu a ƙwarya da tsofaffin kwanoni suna barbaɗawa. Masu rassan marke suna bugu. Warin tsutsar da aka murƙushe, wani ɗanyen wari mai tayar da zuciya, ya cika wurin, ga gumi, ga yunwa, don ba wanda ya ci abin kirki. Tsuntsaye ma suka zo nasu aikin. Shamuwa ta sauko garke guda tana takawa cikin ciyawa tana tsinta, balbela ta yi fari fat a bakin ruwa. Da a ce wata rana ce da na ƙarar da fim ɗina a kansu. Na ji wani tsoho yana cewa ga rundunar Allah ta iso, na kuma sa rai ƙwarai cewa za su gama mana da ita.

Ba su gama ba. Washegari da sassafe muka tarar ramin ya cika a wurare, na baya suna takawa ta kan na gaba suna hayewa. Kunyoyin farko na gonarmu sun zama tsinke, ba ganye ko ɗaya. Yaya Sale ya ce in hau keke in tafi Kibiya in nemo malamin gona, tunda ni na iya magana da ma'aikata. Na same shi a gida, mutanen ƙauyuka sun riga ni cika masa zaure, kowa da irin kukana. Da kyar ya ba ni aron famfon feshi guda da kwalbar magani, da sharaɗin in dawo da shi washegari, wasu na jira. Yana ɗaura mini shi a bayan keke yana tambayata ta ina ta ɓullo. Na faɗa masa. Ya ce, "To can za ku fi bai wa ƙarfi. In kun fesa gona kun bar ciyawar bakin ruwan, aikin banza kuka yi, nan ne gidanta. Ku fesa ta duka, har gindin bishiya."

Duk tsawon hanya maganar nan tana cina. Ni na iya karanta abin da ke jikin kwalbar, kuma na san maganin ba ya tambayar ƙwaro sunansa. Da na isa gida na tarar da su a tsakar gida, na yi ta kewaye-kewaye. Na ce ko a fesa gona kawai a ƙara zurfin rami. Na ce tsuntsayen nan suna ƙoƙari, a ba su kwana biyu. Na ce akwai shanun su Buba da ke shan ruwa a wurin.

Yaya Sale ya ce, "Buba zan je in gaya masa ya janye su sama. Faɗi abin da ke ranka dai."

Inna tana tsince tafasa a faifai, ba ta ɗago ba ta ce, "Habu, ni ban san su malam ɗin nan naka ba kamar yadda ka san su, kuma na san ba ƙaramin so kake yi musu ba. Amma ka dubi yaran nan." Na duba. Suna zaune a bakin madafa suna jiran tukunyar da ba a ma ɗora ba. Na sallama, kuma ba wai an fi ni baki ba ne, gaskiya ce ba ta wajena.

Litinin na aika makaranta cewa ba zan samu zuwa ba. Na auna maganin na haɗa, Yaya Sale ya naɗe hanci da tsohon rawanin Baba ya goya famfon ya shiga gona tun raɓa ba ta bushe ba. Ni ina jigilar ruwa. Wajen hantsi na ga yana tangaɗi. Ya kai bakin kunya ya durƙusa ya yi ta amai, idanunsa jajur suna zubar da ruwa. Muka ja shi inuwa, matarsa ta kawo ruwa aka wanke masa jiki. Ya gama gona, saura ciyawar bakin ƙorama, ga famfo za a mayar kafin yamma. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi. Sauran maza kowa na can yana fama da ramin gonarsa. Ba wanda ya ce mini in ɗauka. Na kwance rawanin daga wuyansa na naɗa, na goya famfon.

Daidai lokacin da rana take takewa ne, lokacin da su malam suka fi cika wurin. Ƙananan rawayan suna nan tsibi a kan yashi kamar kullum. Na fara daga can nesa da su, ina buga famfo da hagu ina kaɗa sandar feshin da dama, ina jin tsutsa tana zubowa daga ciyawa. Na jefa wa shamuwa hoge don su tashi, suka ɗan matsa suka sake sauka. Na yi wa su malam ihu ta cikin rawani kamar mahaukaci, na kaɗa musu ƙafa, suka tashi suka kewaye ni suka koma inda suke. Ina za su sani? Shekara da shekaru ina zuwa wurin ban taɓa yi musu komai ba. Na fesa har gindin ɗinya kamar yadda aka ce. Idona yana ta zubar da ruwa, kuma ba duka ne na magani ba.

Na mayar da famfon Kibiya na wuce Rano. Wannan mako ban san yadda na koyar da yara ba. Lokacin ba waya, ba yadda za ka ji labarin gida sai in ka ci karo da wani a kasuwa. Abinci ya ƙi shiga. In na tuna gona sai in ce ko maganin bai kama ba, ko ya ƙone geron, ko wata tsutsar ta sake tasowa daga wani wajen. In na tuna Yaya Sale sai in ce ko jikin ya rikice. Ƙoramar kuwa ƙin tunaninta nake yi, tana zuwa da kanta. Ranar Juma'a ko ɗakina ban biya ba, daga masallaci na hau keke.

Tun daga nesa na hango gonar kore shar. Har kunyoyin da aka cinye sun fara fitar da sabon ganye daga tsakiya. Yaya Sale yana ciki yana maimai, ya rame amma yana kan ƙafarsa. Na jingina keke na zauna a ƙasa. Na yi hamdala har ban san iyaka ba.

Sai washegari na iya gangarawa ƙorama. Tsutsa ta mutu, ta bushe ta yi baƙi a ƙasa. Wurin ya yi tsit. Yashin yana nan da danshinsa, ba kowa a kai sai fikafikai da iska ta tara a gindin ciyawa. Na ga hawainiyar a ƙasa matacciya, tururuwa ma ba ta taɓa ta ba. Buba ya gaya mini daga baya cewa ya tsinci balbela matattu a hanyar ruga, ya haƙa rami ya binne don kada karnukansu su ci. Ƙananan rawayan sun dawo bayan damina biyu ko uku. Babban baƙin nan dai ban ƙara ganinsa a ƙoramarmu ba, kuma ban taɓa samun hotonsa mai kyau ba. Yau kusan kowane gida da famfonsa, magani kuwa har a teburin mai kayan koli, ni kuma sai na yi tafiya mai nisa wajen duwatsu kafin in sami wurin kwanciya rub da ciki.

Sauran daminar ba ta zo da sauƙi ba. Yunwa ta ƙara matsawa kafin gero ya nuna, kuma kowane hadari da ya watse sai ya tafi da rabin numfashina. Amma geron ya yi ciki, ya fitar da kai, ya yi bununi, ya fara ƙwari. Wata Asabar da yamma ina shirin tafiya gida daga gona sai Yaya Sale ya ce in dakata. Ya shiga ciki ya zaɓo zangarniya masu kyau, ya haɗa wuta da kara a bakin gona ya gasa tumu. A gidanmu tumun farko Inna ake kai wa, ita take sa albarka. Ya murje guda a tafin hannunsa, ya hure ƙaiƙayin, sai na ga ya miƙo mini.

Na ce, "Yaya, Inna fa?"

Ya ce, "Ita ta ce a fara ba ka." Ya juya yana gyara wuta, bai dube ni ba. Can ya ce, "Jiya na leƙa wajen mutanen naka. Ban ga kowa ba." Sannan ya faɗa da irin muryar da ake yi wa mutum gaisuwar rashi, "Allah ya ba ka haƙuri, Habu."

Na ce amin. Tumun yana da zafi, yana ƙanshin hayaƙi, ga ni da yunwar wata da watanni. Na zuba a baki na tauna. Na so a ce ya yi mini ɗaci ko kaɗan, amma wallahi ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba, sai na miƙa hannu ya ƙara mini.